Yadda Ake Nazarin Jigo da Taurari a Gajerun Labaran Winesburg, Ohio

Idan za ka nazarci wannan littafi na Sherwood Anderson, wanda ya fito a Amurka a shekarar 1919, ka karanta labaran bi da bi yadda aka jera su, domin yawancinsu a ƙaramin gari guda suke faruwa, kuma tauraron wani labari yakan leƙo cikin wani. Ka ware wa kowane tauraro shafi, ka rubuta abin da yake ɓoyewa da wanda yake marmarin faɗa wa.

Daga nan sai ka bi sawun George Willard, matashin ɗan jaridar garin, wanda mutane ke nema don su amayar masa da abin da ke cin ransu. A ganina nan babban jigon yake, wato kaɗaici da kasa furta abin da ke zuci. Ka daɗe a kan Wing Biddlebaum, tsohon malamin makaranta da ke ɓoye hannayensa tun bayan zargin da ya raba shi da aikinsa, ka lura da lokutan da hannayen ke motsi da lokutan da suke komawa aljihu.

Sannan ka kwatanta George na farkon littafin da wanda ya hau jirgin ƙasa ya bar garin bayan rasuwar mahaifiyarsa.