Kurakuran da ake yawan yi a tarihin juyin juya halin ƙasar Sin

Kuskuren da ya fi yawa a bakin mutane shi ne wai Mao Zedong ne ya kawar da sarauta a ƙasar Sin. Sojojin da suka yi bore a Wuchang ranar 10 ga Oktoba, 1911, su ne suka kunna wutar, har aka sauke Puyi, sarkin ƙarshe na daular Qing, a Fabrairun 1912 yana ɗan shekara shida. Mao a lokacin matashi ne a Changsha. Sai 1 ga Oktoba, 1949 ya ayyana Jamhuriyar Jama'ar Sin a ƙofar Tiananmen da ke Beijing. A tsakanin nan Yuan Shikai, shugaban jamhuriyar da ta maye gurbin sarautar, ya naɗa kansa sarki, shugabannin sojoji suka yayyaga ƙasar, Japan ta mamaye, ga yaƙin basasa tsakanin 'yan kwaminis na Mao da dakarun Chiang Kai-shek, jagoran 'yan kishin ƙasa. Duk wanda ya ce maka "juyin juya halin Sin", ka fara tambayarsa: na wace shekara?

Shi ma Sun Yat-sen, jagoran masu neman kafa jamhuriya, da ake cewa shi ya ja dakaru, yana Amurka ranar da aka tayar da boren Wuchang. A jarida ya gani.

Wanda ya fi damuna shi ne haɗa yunwar da ta biyo bayan shirin Babban Tsalle na 1958 da Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976. Masifu biyu ne daban. A na farko an tara manoma a gonakin gama-kai, aka sa su narka tukwane da fartanyu a ƙananan maƙeru na bayan gida don a samu ƙarfe, amfanin gona ya lalace a gona, jami'ai kuma suna kai rahoton girbin ƙarya. Miliyoyin mutane suka mutu da yunwa, galibinsu a ƙauye. Na biyun kuwa Mao ne ya ingiza ɗalibai masu jan ƙyalle a hannu, suka riƙa jan malamansu gaban taro, da doguwar hular takarda a ka da allo rataye a wuya. Idan aka cakuɗa su, manoman nan da ba su bar rubutu ba su ake mantawa.

Sai batun suna. Sinawa sunan dangi suke sawa a gaba, don haka Mao za ka ce, ko Deng ga Deng Xiaoping, jagoran Sin na baya-bayan Mao, kada ka rubuta "Shugaba Zedong". Peking na tsofaffin littattafai kuwa ita ce Beijing.