Yadda ake zaɓen jif ta hannu don shiga hanyar burji da kwana a daji

Da zarar ruwa ya ɗauke sanyi ya fara shigowa sai ka ga abokai sun fara zancen a je Yankari, a hau Mambila, a kafa tanti a kwana biyu a dawo, daga nan kuma sai wani ya ce shi jif zai saya. Na ga mutum nawa sun yi wannan sayayyar, kuma kusan dukkansu a wuri ɗaya suke faɗuwa: suna ganin mota mai tsayi da manyan tayoyi sai su ɗauka ƙafa huɗu take ja. Ni ma nan na faɗi, zan zo kan labarin.

Mataki na farko, ka faɗa wa kanka gaskiyar inda za ka je. Idan iyakarka Yankari ne ka yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki ka dawo, ko ka kai yara kallon ruwan Gurara, to RAV4 ko CR-V mai lafiya ta ishe ka, kar ka ɗauko wa kanka abin da zai riƙa shanye maka albashi a gidan mai, tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita take. Amma in kana maganar wucewa Serti ka shiga cikin Gashaka Gumti, ko ka sauka daga kwalta a saman Mambila ka bi hanyoyin rugage, ko rairayin Yusufari can Yobe, to dole motarka ta kasance da giyar taimako, wadda direbobi ke ce wa ogzilari, giya ce mai rage gudu ta ƙara wa mota ƙarfin ja. Ita ce za ka ga an rubuta L4 ko 4LO a jikin ƙaramin sandan giya ko a wani maɓalli da ake murɗawa. Ƙananan jif ɗin nan na cikin gari ba su da ita, ko da an manna AWD a bayansu. Sannan ka auna daga ƙasa zuwa inda ya fi sauka a cikin motar, in bai kai kamar santimita 20 ba ni dai ba na sake kallonta.

Na biyu, ka sayi motar da bakaniken ƙauye ya taɓa kwancewa. Ni ƙa'idata kenan kuma ba na sassautawa. Prado 120, wadda aka yi daga 2002 zuwa 2009, da 4Runner ta 2003 zuwa 2009, da Hilux, sai Pajero, sai Nissan Xterra ko Pathfinder ga wanda aljihunsa bai kai Toyota ba. Kayan waɗannan za ka samu a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, in ya ƙi ka aika Ladipo a Legas a sako maka a motar dare. Tsohuwar Range Rover tana da kyau a hoto kuma za a ba ka ita da araha har ka yi mamaki, arahar nan tana da dalili, ranar da ta zauna a Gembu za ka gane. Lexus GX470 ma mota ce ta gaske, ƙarƙashinta ɗaya da Prado, sai dai injin V8 ne mai shan mai, yana amfani da tayimin bel wanda dole ka tambayi yaushe aka canza shi, kuma bayanta kan balan-balan na iska yake zaune, in ya fara yoyo za ka wayi gari ka ga ta durƙusa. V6 ɗin 4Runner mai lita 4.0 kaca ce da shi maimakon bel, wannan ciwon kan na canza bel babu shi.

To yanzu ga inda nake so ka nutsu, mataki na uku. Da yawa daga cikin 4Runner da Xterra da Pathfinder da ake shigowa da su daga Amurka tun daga kamfani ƙafa biyu suke ja, na baya kawai. Bodi iri ɗaya, tsayi kusan ɗaya, dillali ba zai faɗa maka ba, wani lokacin shi kansa bai sani ba. Wannan mai sauƙi ne, in ka leƙa ciki ba ka ga sandan taimako ko maɓallinsa ba ka san inda aka kwana. Wanda ya fi shi haɗari ita ce motar da aka yi ta da ƙafa huɗu amma aka yi mata tiyata a nan gida. Furofelar gaba, wato ƙarfen da ke kai juyin injin zuwa tayoyin gaba, ta fara ƙara, ko aksil ɗin gaba ya samu matsala, mai motar ya ji kuɗin gyara ya yi yawa, sai bakanike ya ce ai Alhaji a cire ta kawai, cikin gari kake yawo, har mai za ta rage sha. Sai a kwance a jefar bayan gareji, a sayar maka da motar bayan shekara biyu, maɓalli yana nan ƙalau.

Haka aka yi min. Na sayi tawa a hannun wani dillali da ba sai na kama suna ba, na murɗa maɓalli a filin da ake sayarwa, fitila ta kama a dashbod, na ce alhamdulillahi na biya har da la'ada. Wata uku bayan nan muka zo tsallake wani rafi da ya ƙafe, yashi ne zalla ba ruwa, faɗinsa bai fi tsawon mota huɗu ba. Muna kaiwa tsakiya ta tsaya. Na sa taimako na taka, tayoyin baya suna ta haƙa suna watso yashi har kan gilas, na gaba kuwa ko motsi, kamar ba a jikin motar suke ba. Wani dattijo da ya zo wucewa da keke ya jingine kekensa ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya ɗago ya ce "ɗana, ai ƙarfen gaban naka babu shi." Na kwanta na duba da kaina, ga wurin ƙusoshin nan guda huɗu fayau har sun yi tsatsa. Samari takwas da itatuwa da tabarmar da za mu kwana a kai, sai bayan la'asar muka fita, tabarmar kuma ba ta sake moruwa ba.

Don haka ga yadda ake yi. Ka kai motar kan rami, ko na bakanike ko na masu wankin mota, ka shiga da kanka da tocila, kar ka tura yaro. Daga bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwati, daga jikinsa furofela biyu za su fito, doguwa ta yi baya, gajeriya ta yi gaba. Ka ga gajeriyar da idonka, ka kama ta ka girgiza, in tana ƙwal ƙwal da yawa akwai gyara. Ka bi ta zuwa aksil ɗin gaba, ka tabbatar akwai shaf da ya tafi kowace taya kuma robobin bakinsu ba su yage sun zubar da giris ba. Bayan nan ka fita da ita wajen gari inda akwai yashi ko ƙasa mai laushi, ba kan kwalta ba, domin mai H2 da H4, wato ƙafa biyu da ƙafa huɗu, in ka kulle ta a kan kwalta kana juya sitiyari za ta riƙa ɗaurewa har ka iya yi mata illa. Ka sa H4 ka ga fitilar ta kama ta tsaya, in tana ta ƙyaftawa ba ta shiga ba kenan, kuma irin masu maɓallin nan sun saba maƙalewa in an shekara ba a taɓa su ba. Sai ka tsaya cak, ka mayar da giya N, ka sa L4. In ta shiga za ka ji, motar za ta riƙa rarrafe injin yana ɗaga murya ita kuma tana tafiya kamar hawainiya. Ka sa abokinka ya tsaya a gefe ya kalli tayoyin gaba lokacin da ka taka a cikin yashin. Dillalin da ya ce ba za a fita da mota gwaji ba, ko ya ce ai taimakon "ɗan saiti" kawai yake so, ka yi masa sallama. Man da za ka zuba na gwajin nan kai za ka biya, ka biya kawai, bai kai kuɗin samari takwas ba.

Tunda kana cikin ramin, mataki na huɗu, ka duba shasi. Tokumbo da ta fito daga arewacin Amurka ko Kanada ta sha gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma daga ciki yake cin ƙarfe. Ka riƙe ƙaramar guduma ko sukundireba ka ƙwanƙwasa, musamman wajen tayoyin baya da inda safaya take rataye. Tsatsar sama-sama ba komai, amma in yana ɓarewa kamar ɓawon rogo ko ka ga sabon baƙin fenti mai kauri an lafta a wuri ɗaya, ko tabon walda a tsakiyar shasi, ka fito ka kama gabanka. Gargadar hanyar burji ba ta raga wa ruɓaɓɓen ƙarfe.

Na biyar zafi. Hawan Mambila daga Mayo Selbe da kaya da mutum biyar shi ne ke tona asirin lagireto. Ka bar ta a kunne da AC minti 20 zuwa 30 kana kallon allurar zafi, ka buɗe murfin baƙin mai in ka ga abu kamar madara gaskit ya tafi. Mai son Xterra ko Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 mai giyar otomatik ya ƙara kula, an san su da fashewar lagireto ta ciki, ruwa ya haɗu da man giya ya kashe giyabos ɗin gaba ɗaya. In motar tana sanyi ka buɗe lagireto ka leƙa, in ruwan ya yi kauri kamar kunu mai ruwan hoda kar ma ka tambayi farashi. In kuma lafiya take ka saya, ni da ni ne a satin farko zan canza lagireton.

Taya kuma ka sa a ranka sababbi za ka saya, ka cire kuɗinsu daga ciniki. Akwai lamba huɗu a gefen kowace taya, misali 2319 yana nufin sati na 23 a 2019, ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Duk huɗun su zama girma ɗaya har da safaya, musamman a Prado da kullum ƙafa huɗu take ja. Masu rubutun AT, wato na kwalta da burji duka, sun ishe ka, manyan nan na taɓo kuka kawai za su cika maka kunne daga Kano zuwa Bauci.

Sauran kuma ka sani, lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta dace da ta takardun kwastam, ka biya ɗan kuɗi a bincika maka ita ta intanet ko motar ta taɓa hatsari ko ambaliya ta ci ta. Ka kwantar da kujerun baya ka shiga ka miƙe ka gani ko za ka iya kwana ciki ranar da iska ta hana kafa tanti. Kar ka yi gaggawar ɗora tanti a rufi da fitilu da ƙarfen gaba, nauyi ne da shan mai, tanti na ƙasa da gidan sauro da kula da risho da jarkar ruwa biyu sun yi maka tafiyar farko. Abin da ba a bari a gida shi ne igiyar ja, shebur, jak mai kyau da ɗan katakon da za ka ɗora shi a kai, da famfon taya mai aiki da batir saboda a yashi sai ka rage iska. Kafin ka tashi ka kira mutanen wurin ka ji halin tsaron hanya a wannan satin, kuma ku tafi mota biyu. Taimakon nan kuma ko ba ka zuwa ko'ina ka riƙa sa shi sau ɗaya a wata a wani fili bayan gari, kar ya maƙale.