Yadda Mazauna Unguwa Za Su Kafa Kwamitin Tsaro Mai Ɗorewa

A yawancin unguwannin biranenmu, maganar kafa kwamitin tsaro ba ta tasowa sai ɓarna ta auku, wato an fasa shago, ko an kwance wayar taransifoma, ko an tare matashi da wuƙa a bakin layi an ƙwace masa waya. A cikin zafin rai sai a yi karo-karo, a sayi tocila da usur, a ɗauki samari su fara sintiri, amma bayan 'yan watanni sai ka tarar abin ya watse. Abubuwa biyu ne suka fi rusa irin waɗannan kwamitoci, rashin fayyace lissafin kuɗi da kuma ɗaukar doka a hannu, saboda haka duk tsarin da za a yi ya kamata a gina shi domin kauce musu tun daga ranar farko.

A fara da mai unguwa. Mutum uku ko huɗu da ake ganin girmansu, ciki har da limami, su same shi su bayyana masa niyyarsu, shi kuma ya kai maganar ga dagaci, daga nan ta isa ga hakimi. Wasu matasa suna ɗaukar wannan a matsayin ɓata lokaci, alhali mai unguwa ne ake nema idan za a sayar da gida ko fili, shi ne ke shaidar ɗan unguwa, kuma 'yan sanda sun fi sauraren kwamitin da ya zo da takardarsa. Daga nan sai a kira taron gama-gari a ranar hutu bayan la'asar, a sanar a masallatai, da majami'u idan akwai Kiristoci a unguwar. Kada a tsaya ga masu gidajen kansu kawai. 'Yan haya, da masu shaguna, da mai shayin da ke kaiwa tsakar dare a bakin titi, da matuƙa Adaidaita Sahu, duk suna ganin abin da magidancin da ya fita tun safe ba ya gani. Haka ma mata, domin su ne ke gida da rana, kuma su ne ke fara lura idan yaro ya canza abokai. A ba su wakilai, ko da ta hannun malaman Islamiyyarsu ne.

A wannan taro, sakatare ya rubuta kowace ɓarna da aka yi, da wurin da aka yi ta, da lokacin. Sau da yawa za a ga matsalar ta taru ne a wurare kaɗan: kangon da mai shi ya yi watsi da shi har ya zama matattarar masu shaye-shaye, da lungun da babu fitila, da bayan makarantar da katangarta ta zube. Neman mai kango ta hannun mai unguwa a sa shi ya toshe ƙofofinsa, da kafa fitilar sola a lungu, sun fi sauƙin kuɗi a kan albashin 'yan sintiri, don haka da su ya dace a fara.

Batun kuɗi yana buƙatar natsuwa fiye da kowane. A yanka abin da kowane gida zai riƙa bayarwa a wata, a bambanta gida mai iyali ɗaya da gidan haya mai ɗakuna da yawa da kuma shago, sannan a ɗauke wa marayu da matan da mazansu suka rasu da tsofaffin da ba su da mai taimako, ba tare da an kira sunayensu a bainar jama'a ba. Duk wanda ya biya a ba shi rasit mai lamba. Kada kuɗin su zauna a aljihun ma'aji ko a asusunsa na kansa, komai amanarsa, domin zargi kaɗai ya isa ya sa mutane su janye hannu. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiyar, wanda ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum biyu cikin uku. Bankuna kan nemi takardar rajista, don haka a yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC. A ƙarshen kowane wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma liƙa takardar a inda kowa zai gani. A ganina bai kamata a yarda ɗan siyasa ɗaya ya ɗauki nauyin 'yan sintiri gaba ɗaya ba, saboda wanda ke biyan albashi shi ake yi wa biyayya, kuma idan zaɓe ya zo sai a wayi gari masu gadin unguwa sun koma 'yan bangar siyasa. A gayyaci kansila, a karɓi gudummawarsa a rubuta ta kamar ta kowa, amma shugabanci ya zauna a hannun wanda ba ya takara.

Kafin kowa ya fita sintiri, shugabannin kwamitin su je ofishin 'yan sanda na yankin su gabatar da kansu ga DPO, wato shugaban ofishin, a rubuce, tare da sunaye da hotunan waɗanda za su yi aikin. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi haɗa kai da al'umma wajen tsaro, kuma tun 1984 akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a da ake kira PCRC, wanda ya dace unguwa ta sami wakili a cikinsa. A karɓi lambar DPO da ta motar sintiri, a haɗa da lambar gaggawa ta 112, a raba wa kowane gida. Satar wayar wuta da kayan gwamnati ana iya kai ta ga jami'an Sibil Difens, dillalan ƙwaya kuma ga hukumar NDLEA.

Wajen zaɓen 'yan sintiri, kowane ɗaya ya kawo magidanta biyu da za su tsaya masa. Akwai masu cewa a ɗauki tubabbun 'yan daba tunda sun san ɓarayi, amma ya fi kyau a fara sama musu sana'a, a ga kamun ludayinsu na tsawon lokaci, kafin a damƙa musu tsaron gidajen mutane da dare. Kayan aiki su ne tocila, da usur, da gora, da rigar shaida, da rigar ruwa saboda damina, da littafin da ake rubuta abin da ya faru kowane dare. Bindiga ba ta cikin lissafi, domin riƙe ta ba tare da lasisi ba laifi ne. Rundunar tsaron al'umma da Jihar Katsina ta kafa a 2023, da Askarawan Zamfara na 2024, gwamnati ce ta kafa su ta kuma horar da su, kwamitin unguwa kuwa ba shi da wannan hurumin.

Abin da za a yi idan an kama ɓarawo shi ne ya fi kamata a maimaita wa 'yan sintiri har ya zauna musu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba farar hula damar kama wanda ya aikata laifi a gabansa, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba, sannan wata doka ta 2017 ta haramta azabtarwa. Saboda haka babu duka, babu ɗaurewa a ofis har gari ya waye don a tilasta masa ya amsa laifi, babu cin tara. Da zarar an ji ihun "ɓarawo", mutane kan taru cikin 'yan mintuna, don haka a shigar da wanda aka kama wani zaure ko shago a rufe, dattawa biyu su tsaya a ƙofa, a kira DPO nan take, a rubuta kayan da aka samu a hannunsa a gaban shaidu. Ba mu manta da Uromi ta Jihar Edo ba, inda a watan Maris na 2025 'yan sintiri suka tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, aka kashe mutum 16 bisa zargi kawai. Duk wanda wannan ya ƙona wa rai ba zai so a yi wa baƙo irinsa a unguwarsa ba.

Mutane kan yi ƙorafin cewa ana kai ɓarawo a sake shi washegari. Beli haƙƙi ne a yawancin laifuka, kuma ƙararraki da dama suna mutuwa ne saboda wanda aka yi wa sata bai koma ya ba da shaida ba. Kwamiti ya ware mutum biyu masu bibiyar kowace ƙara daga caji ofis har kotu, su kuma raka mai shaida. Wanda ya tsegunta wani sirri kuma a ɓoye sunansa, shugaba da DPO kaɗai su sani. Idan an buɗe zauren WhatsApp, a kafa doka cewa ba a sa hoton kowa a kira shi ɓarawo, kuma ba a tura labarin da ba a tabbatar ba.

Kwamitin da ya tsaya ga sintiri kaɗai yakan yi sanyi idan sata ta lafa, shi ya sa yake da kyau ya riƙa kiran aikin gayya don yashe kwatoci kafin damina, ya bi maganar kwashe bola da gyaran rijiyar burtsatse. Duk buƙatar da za a kai ƙaramar hukuma a kai ta a rubuce da sa hannun mai unguwa, a karɓo kwafi mai hatimi a adana. A sa wa shugabanni wa'adi, misali shekara biyu, kuma a ranar miƙa mulki tsohon ma'aji ya damƙa littafin rasit da bayanin asusun banki ga sabon a gaban taron unguwa.