Bakin tekun Stone Town a Zanzibar: kurakuran da baƙi suka fi yi da yadda ake kauce musu

Yawancin hotunan Zanzibar da ke yawo a Instagram, masu farin rairayi iya ganinka da ruwa garau, ba a Stone Town, tsohon garin Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, aka ɗauke su ba. Na Nungwi ne da Kendwa, can ƙuryar arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wajen kilomita 60 daga gari, ko kuma na Paje da Jambiani a gabas. Daga nan matsalar mutane da yawa take farawa. Mutum ya biya kuɗin otal na mako guda cur a tsohon gari, gari ya waye ya sauko da amaryarsa, sai su tarar da ɗan siririn rairayi, kwalekwale birjik a ɗaure, igiyoyi sun ratsa ko'ina, ga katafaren jirgin fasinja na Dar es Salaam yana shigowa tasha. Ta dube shi ta ce, "Alhaji, ina wurin da ka nuna min a waya?"

Gyaran mai sauƙi ne: raba kwanakin. Biyu ko uku a Stone Town, sauran a arewa ko gabas. Amma kada ka raina na garin. Ɗan rairayin da ya tashi daga kusa da lambun Forodhani ya nufi unguwar Shangani yana fuskantar yamma, a gabanka rana take faɗuwa cikin ruwa, jirage masu filafilan yadi suna ratsawa. A bayanka kuma ga garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, da tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17, da fadar Beit al-Ajaib da Sultan Barghash ya gina a 1883. Shi wannan ginin wani sashensa ya rufta a Disambar 2020 ana tsaka da gyara, saboda haka ka tambaya ko an buɗe kafin ka sa rai da shiga.

Ɗaukar wurin a matsayin filin baƙi

Wannan ne babban kuskure, kuma sauran da yawa daga gare shi suke fitowa. Bakin tekun nan ƙofar gidan mutanen gari ne. Da asuba dattawa da mata suna motsa jiki, wasu suna shiga ruwa da suturarsu. Da hantsi masu jirage suna gyaran inji, suna jiran fasinja. Bayan la'asar samari suka mamaye wurin da ƙwallo da alkafura. Gari ne da kusan kowa Musulmi ne, da wuya ka ratsa lungu biyu ko uku ba ka ga masallaci ba.

Za a ce ai mu wannan bai dame mu ba, Turawa ake ja wa kunne kan sutura. Da sauƙi dai, amma akwai ɗan'uwanmu da da zarar ya bar gida sai ya ga ai ba wanda ya san shi, ya tuɓe riga ya ratsa lungunan gari da gajeren wando yana ɗigar ruwa. Mutanen garin ba su cika yi wa baƙo magana ba, kallo kawai za su bi ka da shi, kuma hukumomin tsibirin sun sha yin gargaɗi a kan shigar da ba ta rufe kafaɗa da gwiwa ba a cikin gari. Ka sa riga kafin ka bar rairayi. Ita kuma mace mai son shiga ruwa ba ta da abin jin nauyi: riga mai dogon hannu da dogon wando marasa nauyi da ɗan ƙaramin hijabi sun wadatar. Abin gudu shi ne doguwar abaya ko zane mai faɗi, domin in suka sha ruwa suna nauyi, suna naɗe ƙafa.

Haka ɗaukar hoto. Kada ka ɗora waya a kan matan mutane ko yaransu ba ka nemi izini ba. Sallama tana buɗe ƙofa a nan kamar yadda take yi a gida, dattijo kuma ana gaishe shi da "shikamoo", ya amsa da "marahaba". In tafiyar ta faɗo a watan azumi, ko kana da uzurin matafiyi, ka ci abincinka a ɗaki.

Rashin sanin lokacin ruwa

Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ya saba da ruwan da ke cika da damina ya ja baya da rani. Teku kuwa sau biyu take cika, sau biyu take janyewa a kowane yini da dare, kusan sa'a shida tsakanin cika da janyewa, kuma kullum lokacin yana ƙara matsawa da kimanin minti 50. A Zanzibar bambancin ba ƙarami ba ne, yakan kai mita uku zuwa huɗu a ranakun da ya fi ƙarfi. Inda ka shimfiɗa darduma ka ajiye takalmi da jaka da azahar, kafin magariba yana iya zama ƙarƙashin ruwa. Inda kuma ka yi wanka jiya da yamma, yau da hantsi sai ka tarar da taɓo da duwatsu da jirage kwance a gefe guda.

Mu da muke bin lissafin watan Musulunci muna da sauƙi a nan. Ruwa ya fi cika, ya kuma fi janyewa, a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu da sha biyar. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu bambancin yana raguwa. Bayan wannan, otal-otal da yawa suna da jadawalin cikar ruwa, akwai shi ma a intanet kyauta. Ka duba tun da dare kafin ka tsara gobe.

Wannan ilimi ne ke hannun samarin da ke tsalle daga katangar Forodhani zuwa cikin teku da yamma, wasan da suke kira makachu. Za ka ga yaro ya taho a guje, ya wulwula a sama, ya faɗa ruwa, jama'a suna shewa. Sun san zurfin wurin taku-taku, kuma suna yi ne in ruwa ya cika. Baƙon da jini ya ɗebe shi ya bi sahunsu ba tare da ya san abin da ke ƙasa ba, yana iya sauka a kan dutse. Ka kalla, ka tafa musu, in sun yi maka na musamman don bidiyo ka ba su ɗan wani abu.

Shiga ruwan kansa

A ganina ruwan da ke gaban gari na kallo ne da jiƙa ƙafa, ba na dogon iyo ba. Tashar jirage tana kusa, ƙananan jirage masu inji suna shige da fice a daidai inda mutane ke wanka, sannan magudanan tsohon gari a teku suke ƙarewa, abin ya fi muni bayan an yi ruwan sama. 'Yan gari suna shiga, sun saba. Kai da cikinka bai saba ba, ka adana iyonka sai ka je tsibiran da ke kusa ko arewa.

In za ka shiga, kada ka sa rai da wani ma'aikacin ceto a tsaye yana gadinka. Iya ninƙaya a kududdufi ko dam bai isa shaida ba, domin teku tana ja ta ƙasa. Ka tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba, yara kuma su kasance inda hannunka zai kai gare su. Ka sa takalmin roba: a tsakanin duwatsu akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi, in ka taka ƙayar tana karyewa cikin tafin ƙafa, ta ɓata maka sauran kwanakin. Waya da fasfo da kuɗi kuma ba a barin su a kan rairayi a shiga ruwa.

Ciniki da masu jirage

Ba za ka yi taku goma a bakin ruwa ba sai wani ya tare ka da tayin kai ka Changuu ko Nakupenda. Changuu shi ne tsibirin da aka gina wa kurkuku a 1893, amma ya ƙare a matsayin wurin killace masu cuta, yanzu kuma manyan kunkuru ne suke jan mutane, waɗanda asalinsu kyauta ce daga Seychelles a 1919. Tafiyar kamar rabin sa'a ce. Nakupenda kuwa tudun rairayi ne tsakiyar teku da ke bayyana in ruwa ya janye, ya nutse in ya dawo, don haka ruwa ne ke yanke lokacin zuwa da tashi, ba kai ba.

Yawancin masu tare ka 'yan kamasho ne, jirgin ba nasu ba ne. Ba laifi ba ne, neman abinci suke, amma kada ka miƙa kuɗi duka ga wanda ba ka ga jirginsa ba. Ka ce a kai ka wurin mai tuƙin. A gabansa za a tsayar da magana: kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgin gaba ɗaya, zuwa da dawowa ne, kuɗin shiga tsibiri yana ciki ko daban ne, akwai abinci da ruwan sha, sa'a nawa za a jira ku. Ka ba da kafin alƙalami, cikon sai an dawo. Sannan ka ƙirga rigunan kariya da idonka, har da daidai yara. Wanda ya ce maka "ba komai, teku a kwance take", ka yi masa godiya ka nemi wani. Mutanen tsibirin nan ba su manta da nutsewar jirgin Spice Islander a Satumbar 2011 da na Skagit a Yulin 2012 ba, ba kuma wanda zai ga laifinka don ka nemi riga.

Sai batun agogo, wanda ya sa mutane da yawa zaman jiran gawon shanu. Masu jin Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, saboda haka ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗayansu, ƙarfe tara shi ne ukunsu. Mai jirgi yana iya ce maka uku yana nufin tara na safe, kai kuma ka zo bayan azahar. Ka nuna masa lokacin a fuskar waya ku amince. Ka kuma tuna agogon can yana gaban na Najeriya da Nijar da sa'a biyu.

Alƙibla

Wannan kuskure namu ne mu kaɗai. Mun saba in an ce salla a fuskanci gabas. Zanzibar tana kudu da Makka kusan sak, don haka alƙiblarta arewa ce. A cikin gari masallaci zai daidaita ka, amma a kan tudun Nakupenda ko a ɗakin otal, ka sa mafaɗar rana a kafaɗarka ta hagu. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisin yana nan cikin Muwaɗɗa. In ka bi jam'i za ka ga 'yan bambance-bambance, kamar bayyana bisimilla a karatu, domin mafi yawansu Shafi'iyya ne. Ka bi limaminka kawai.

Cin dare a Forodhani

Da an yi magariba lambun yake rikiɗewa ya zama kasuwar abinci, tebura a jere, fitilu, hayaƙin gawayi, kyanwoyi suna zagaye ƙafafun mutane. Ido yakan tafi kan teburan da aka jera tsinkayen kifi da ƙaguwa da jatan lande. Matsalar ita ce da yawa an riga an dafa su, ɗumamawa kawai ake yi, ba ka kuma san tun yaushe suke nan ba. Ka lura da inda iyalan 'yan gari suke layi. Galibi wurin urojo ne, wani romo mai tsami da ake zuba wa dankali da 'yan soye-soye, ko mishkaki, wato tsirensu, ko abin da suke kira fizar Zanzibar: a murza ƙullu siriri a kan faranti mai zafi, a zuba niƙaƙƙen nama da albasa, a fasa ƙwai, a naɗe, a soya kana tsaye. Ka kora da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. Kowane abu ka tambayi kuɗinsa kafin a ɗora a wuta, kuma ka riƙe shilin na Tanzaniya ƙanana a aljihu.

Takardu da lokacin tafiya

Wasu tun a filin jirgi tafiyarsu take lalacewa. Masu fasfon Najeriya da Nijar ba sa cikin waɗanda ake buga wa biza da isarsu, sai an nema tun daga gida ta intanet an jira amincewa, abin da kan ɗauki makonni, don haka kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Katin rigakafin cutar shawara ya kasance cikin fasfo. Tun 1 ga Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta kamfanin gwamnatinta, dala 44 ga babba, ko da kana da wata daga gida. Ko ta jirgin ruwa ka shigo daga Dar es Salaam, tafiyar wajen sa'a biyu, za a duba fasfonka a tasha. Tanzaniya ta haramta leda tun Yunin 2019, to kilishi da yajin da za ka yi guzuri a zuba su a roba mai murfi.

Damina mai ƙarfi daga Maris zuwa Mayu take, akwai kuma 'yar gajeruwa wajen Nuwamba. Otal yana araha a lokacin babbar, amma kana iya kwana uku kana kallon teku ta taga, masu ƙananan jirage ma ba kullum suke fita ba. Daga Yuni zuwa Oktoba an fi samun sarari da sanyin iska, sai dai a watannin ne ɗakunan da ke kallon ruwa a Shangani suke saurin cika, sai ka kama naka da wuri.