Yadda Ake Canza Taimin Bel na Camry a Gida Lokacin Hunturu

Wannan bayani na Toyota Camry ne mai silinda huɗu, samfurin 1997 zuwa 2001, wadda ake kira Fensir, mai injin 5S-FE lita 2.2. Ita ce ta fi dacewa da ɗan koyo, domin ko an kuskure saiti fistin ba ya dukan bawul. Honda Accord ta wancan zamanin da Peugeot 406 ba su da wannan rangwamen, kuskuren haƙora kaɗan sai ya kai ka ga sauke kan inji. Camry mai silinda huɗu daga 2002 kuwa sarƙa gare ta. Ƙa'idar canjin bel tana tsakanin mil 60,000 da 90,000 gwargwadon shekarar motar, amma a motar Kwatano kada ka yarda da abin da mita ta nuna. Buɗe murfin sama na taimin bel, wato bel mai haƙora da ke daidaita motsin fistin da bawul, ka duba da idonka.

Kada ka sayi bel shi kaɗai. Bel ɗin nan shi ke juya wata-famfo da famfon baƙin mai, don haka a haɗo wata-famfo, fuli biyu (tanshina, wato mai tsuke bel, da ɗan'uwansa), sifirin ɗin tanshina, oyil sil na karanshaf (sandar ƙasa da fistin ke juyawa) da kamshaf (sandar sama mai buɗe bawul) da famfon mai, da ruwan lagireto kusan lita 7. Bel na Gates ko Mitsuboshi, famfo na Aisin. Jabu ya cika kasuwa, ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka, kwali ɗaya ne kaya daban. Tun a shago ƙirga haƙoran bel: 163 ne.

Sanyi ba ya hana aikin, hasali ma da injin da ya huce ake saitin bel. Ɓarnarsa a roba take. Sabon bel ya kwana a ɗaki cikin kwalinsa, kada a bar shi a but ya sandare, kada kuma a gasa shi a wuta ko a lanƙwasa shi, zaren cikinsa ne zai karye ba ka gani ba. Murfin taimin da soket ɗin wayoyi roba ce mai shekara sama da ashirin, da asuba ƙas take yi kamar ƙwarya. Bari hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe goma, kafin ka taɓa su. Kaskon garwashi kusa da mota babu shi a tsarin, haka tayar da inji cikin rufaffen gareji. Sai ƙurar hunturu: duk ramin da ka buɗe, toshe shi da tsumma mai tsabta.

Cire wayar batir ta nagetif. Ɗaga gaban dama, ɗora motar a kan tsayayyen ƙarfe, jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Cire taya da robar da ke bayanta, bel ɗin altaneta da na fawa sitiyari, sai ƙarfen da ke riƙe inji ta sama da mazauninsa. Kwance fulogi huɗu don inji ya juyu da sauƙi. Cire murfin sama.

Yanzu juya karanshaf da soket 19, ta hannun agogo kawai, har tsagar da ke jikin fuli ta tsaya kan 0 na murfin ƙasa. Duba fulin kamshaf: akwai ɗan rami a jikinsa, dole ya zo daidai da alamar da ke bayansa. In ba ya wurin, ƙara zagaye ɗaya cur. Injin nan a kishingiɗe yake, ya karkata baya, saboda haka alamar ba a tsakar ka take ba. Wanda ya leƙa daga sama ya ce ta yi daidai, yawanci ya goce da haƙori guda. Sa ɗan madubi da tocila ka duba ta cikin ramin kai tsaye.

Kafin ka sassauta komai, ɗauko farin fenti. Ɗiga a haƙori ɗaya na tsohon bel da ramin da ya zauna a fulin kamshaf, haka ma a ƙasa in ka kai can. In tsohon ya fito, shimfiɗa shi kusa da sabo, ƙirga haƙoran da ke tsakanin ɗigo biyun, ka mayar a kan sabo. Minti biyar ne, amma shi ke raba mai yin aiki sau ɗaya da mai yin sa sau uku.

Notin fulin karanshaf yana da taurin kai. Bakanikai kan dafe doguwar sifana a jikin bodi su ɗan taɓa kik. Yana yi, amma sifana na iya tsalle, kuma maki, wato alamomin saitin nan, zai goce sai an sake saiti. Ƙarfen riƙe fuli ya fi. Fulin kansa da fula, wato ƙarfen zaro fuli, ake zaro shi, guduma tana lalata robar tsakiyarsa. Cire murfin ƙasa da wosha ɗin da ke gaban bel, ka lura bakinsa waje yake kallo. Sassauta notin tanshina, tura shi baya, ɗan ɗaure shi a can, bel zai fito da hannu.

Ƙaramin giyan karanshaf yana da siraran haƙora a bayansa waɗanda sensa ke karantawa. Kada ka banƙare shi da sukundireba. Haƙori ɗaya ya ɓalle, mota ba za ta yi aiki daidai ba, ka yi ta zargin bel. Canza oyil sil uku, shafa musu ɗan mai a leɓe, su shiga a miƙe. Zubar da ruwa, sa sabon wata-famfo, notinsa ƙanana ne, kusan Nm 9 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti ne) ya ishe su. Wanke duk wani maiƙo, bel ba ya shiri da mai.

Ga inda ake faɗuwa. Ɗora bel daga karanshaf, ka mayar da wosha da murfin ƙasa da fuli, noti a Nm 108, tsaga kan 0. Sannan ka ja bel ta ɓangaren wata-famfo zuwa kamshaf, ya miƙe tsam babu sako-sako ko kaɗan. Duk ragowar sassaucin ya taru a ɓangaren tanshina. In ka bar shi a ɗaya ɓangaren, da zarar tanshina ya kama sai ya janye kamshaf, maki ya goce. A sanyi bel ya fi yaudara, domin taurinsa kan sa ka ji kamar ya miƙe alhali bai zauna cikin haƙora ba. Danna shi da babban yatsa a kan kowane fuli.

Sassauta notin tanshina rabin zagaye, sifirin ya ja da kansa. Kada ka taimaka masa da ƙarfe, bel mai tsananin ɗauri kuka yake yi, ya kuma cinye boris ɗin wata-famfo. Juya karanshaf zagaye biyu a hankali, ka dawo 0, ka duba ramin kamshaf da madubi. In ka wuce 0, kada ka koma baya, sake zagayowa. Maki bai zo ba? Sauke bel ka sake, babu wata dabara. In ya zo, ci gaba da juyi zagaye biyu saura kashi ɗaya cikin takwas, har tsagar ta kai alamar digiri 45 da ke kan murfin ƙasa. A nan ake ɗaure tanshina, Nm 42, ba a kan 0 ba. Ƙara zagayowa ka tabbatar.

Sauran mayar da kaya ne yadda suka fito. Notin murfin roba da hannu sannu, taya Nm 103. Cika lagireto, buɗe hita zuwa zafi, tayar da mota a fili har fanka ta kama, bari ta huce ka ƙara ruwa. In kik ya yi nauyi, mai yiwuwa batir ne ya ji sanyi. In ta tashi amma ba ta da ƙarfi a hawa, mai yiwuwa haƙori ɗaya ne ya goce, cire murfin sama ka koma kan madubi. Washegari da safe leƙa ƙasan motar ko akwai ɗigon mai ko ruwa.