Gwiwa ta gurɗe ko haƙori ya fita a filin ƙwallo: abin da za ka yi a awa ɗaya ta farko

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filin unguwa ya san yadda ake yi idan mutum ya faɗi yana riƙe da gwiwa, kowa ya zagaye shi, wani ya kama ƙafar ya ja, wani ya ce tashi ka taka zai sake, wani ya ruga ya samo man zafi. Ni ma na yi haka da hannuna ga wani yaro a ƙungiyarmu, muka ɗaga shi muka ce ya gwada gudu, ya yi taku uku gwiwar ta lanƙwashe ya sake zubewa. Yanzu shekara ta kai huɗu bai ƙara buga wasa ba, kuma abin yana damuna har yau, shi ya sa nake so a san wannan.

A Hausa komai jijiya muke ce masa, amma wadda nake nufi anan ita ce mai ɗaure ƙashi da ƙashi kamar igiya, ba ta jini ba. Manyansu a gwiwa guda huɗu ne, ɗaya ta gefen ciki, ɗaya ta gefen waje, sai biyu da suka gitta juna a can tsakiya. Ta gaban cikin biyun nan ita ce ACL da kuke ji a labarin wasanni. Ita ce ta tsinke wa Van Dijk a Oktoban 2020 a wasan Liverpool da Everton har ya rasa sauran kakar, ita ce ta Neymar a Oktoban 2023 a wasan Brazil da Uruguay ya yi kusan shekara a waje, Rodri kuwa da sandunan dogarawa ya je karɓar Ballon d'Or a 2024. Toh waɗannan masu manyan likitoci ne a kansu dare da rana, balle kai da kake taka leda a kan burji da takalmin roba.

Abu na farko, ka tambayi wanda ya faɗi me ya ji. Idan ya ce ya ji ƙara kamar ɗas a cikin gwiwar, ko ya ce ji ya yi kamar gwiwar ta fita ta koma, to wasa ya ƙare masa ranar, ko da kuwa zafin ya lafa bayan minti biyar. Sau da yawa ma ba wanda ya taɓa shi, juyawa kawai ya yi da sauri ƙafa na kafe a ƙasa, ko ya diro daga tsallen hedin bai sauka daidai ba. Mutum biyu su tallafe shi zuwa gefe, kar ya ɗora nauyi a ƙafar, kuma don Allah kar a ja.

Sai a nemo ƙanƙara. In babu, piya wata mai daskarewa ya wadatar, a naɗe a cikin riga ko ɗankwali, ba a ɗora ta kai tsaye a fata. Minti 15 zuwa 20 a cire, a maimaita bayan kamar awa biyu ko uku. A ɗaure da bandeji mai talewa daga ƙasan gwiwa zuwa sama, ba tamau ba, in yatsun ƙafa suka fara sanyi ko sagewa ko suka canza kala a sassauta nan take. Ya kwanta a sa filo a ƙarƙashin ƙafar ta fi ƙirjinsa tudu.

Inda muka fi yin kuskure shi ne gashi da ruwan zafi da murza. Iyayenmu da kyakkyawar niyya suke yi, amma a kwana biyu zuwa uku na farko akwai jini da yake zuba a cikin gaɓar, zafi da murza ƙara buɗe masa hanya suke yi, kumburin ya ninka. Haka kuma masu ɗori, ni ban raina sana'arsu ba, amma jijiyar da ta tsinke a tsakiyar gwiwa ba abin da hannu zai kai ba ne, ba ƙashi ne ya goce da za a mayar ba.

Idan gwiwa ta cika tam cikin 'yan awanni, ko ya kasa takawa sam, ko ta maƙale ta ƙi miƙewa, asibiti za a je wajen likitan ƙashi, wanda yake Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala nan. Kuma a lura da wannan sosai: hoton eksire ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Mutane da yawa ana ce musu babu karaya sai su koma gida da murna alhali igiyar ta tsinke. Likita zai gwada gwiwar da hannu ya ga ko ƙaurin yana zamewa gaba fiye da kima, in yana shakka ya tura a yi MRI, wato hoton da yake nuna jijiya. Jijiyar gefen ciki galibi tana warkewa da kanta cikin makonni da takalmin gwiwa da fisiyo, wato atisayen motsa gaɓa da ake koyarwa a asibiti. ACL ce mai taurin kai don jini ba ya isa gare ta sosai, ɗan wasan da yake son komawa fili yawanci sai an yi tiyata an yanko wata jijiya daga jikinsa an maye gurbinta, sannan wata tara zuwa shekara na atisaye kafin ya dawo.

Yanzu haƙori. Mutane ba su san shi ma jijiya ce irin wannan take riƙe da shi ba, siririya ƙwarai, ba ta kai rabin milimita ba, ita ce tsakanin saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi. In gwiwar hannun wani ta fige maka haƙori gaba ɗaya, ragowar jijiyar tana manne a jikin saiwar da ranta, kuma ita ce za ta sa haƙorin ya sake kamawa. Saboda haka ka ɗauke shi ta farin kan da ake tauna da shi, kar ka taɓa saiwar, kar ka goge da tsumma ko buroshi, kar ka sa sabulu. In ya kwashi ƙasa ka ɗauraye shi a hankali da madara ko ruwan gishirin nan na ƙarin ruwa da ake samu a kemis, ka mayar da shi raminsa yadda yake fuskanta da, ka ciji hankici mai tsabta ka wuce wajen likitan haƙori. In ka kasa mayarwa ka jefa shi cikin madara marar sukari, in babu mai haƙorin ya tofa miyau a ƙaramin kofi a sa a ciki. Naɗewa a takarda ko sawa a aljihu shi ne yake kashe shi, don da ya bushe na kamar awa ɗaya zancen ya yi wuya, rabin awa ta farko ita ce ta fi. Likita zai ɗaure shi da na kusa da shi na kamar sati biyu, ya kuma duba maganar allurar tetanus tunda a ƙasa ya faɗi.

Amma in ƙaramin yaro ne da bai yi famfara ba, ba a mayar da haƙorin, zai iya lalata sabon da yake tahowa a ƙarƙashi. A danne wurin da auduga mai tsabta jinin ya tsaya, a kai shi likita ya duba dasashin.