Yadda Ake Sa Duwatsun Blender Su Yi Kama da Na Gaske

Duk mai koyon da ya turo mini hoton duwatsun da ya haɗa a Blender, manhajar ƙera hotunan 3D, tun kafin in buɗe na san abin da zan gani: tsauni kamar takardar tsire da aka cukwikwiye, ƙuraje iri ɗaya daga gindi har ƙoli. Shimfiɗa fili da rarraba shi ba zan tsaya a kai ba, kowa ya iya.

Da farko ka tsayar da wani abu mai tsawon mita 1.7 a filin, ko da akwati ne, ya zama mutum. Idan babu shi, ido ba zai gane ko tsauni yake kallo ko tsakuwa ba.

Sai siffa, kuma nan ne na ɓata watanni. Na ɗauka yawan Noise (zanen ɗigo-ɗigo mara tsari) shi ne kyau, ina ta jibga Displace (abin da ke tura jikin siffa ciki da waje) a kan Displace har kwamfutar ta fara huci, dutsen kuma yana nan kamar ƙanzo. Ranar da na tsaya a gindin Kufena a Zariya na gane kuskurena. Yawancin jikin dutsen sumul yake, falale ne mai faɗi, sai tsaga ɗaya ko biyu masu zurfi, sai ɓawon da ya ɓare ya zube a ƙasa. Na Riyom a Filato ma haka: curi-curi ne masu zagayayyen gefe, wani a kan wani. Iska da ruwa ba sa cin dutse daidai wa daida.

Saboda haka Displace uku kawai nake yarda da su. Na farko babba, shi ke ba da ƙirar tsaunin. Na biyu Voronoi (zane mai kama da fasasshiyar ƙasa), don tsage-tsage, amma a shafa shi da Vertex Group (rukunin ɗigon jikin siffa) a wuraren da ka zaɓa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jikin. Na ukun ƙanana ne, kuma gara a bar shi ga Bump, wanda ke nuna ƙuraje da haske da inuwa kawai, ba ya cin ƙwaƙwalwar na'ura. Abin da ya ɓare daga sama dole a gan shi a ƙasa: watsa tsakuwa da ɓaraguzai a gindi da Geometry Nodes (sashen Blender da ke iya watsa abubuwa da yawa a kan fili), manya kusa, ƙanana nesa, ka nutsar da rabin kowanne cikin ƙasa. Dutsen da ke zaune a kan fili kamar an ajiye shi a faranti shi ke fara tona asiri. Gaea, wata manhajar ƙera tsaunuka, na iya zaizaya mai kyau, amma ni ban ga dalilin ƙarin manhaja ba kafin ka iya wannan.

Fatar dutse, wato hoton da za ka lulluɓe shi da shi, ka ɗauko ta a shafin Poly Haven ko ambientCG, kyauta ce. Mai girman 2K ta isa. 8K data kawai za ta cinye maka. A Image Texture, sa ta a Box (liƙawa ta kowane gefe) maimakon Flat, ka ɗan ɗaga Blend don gefunan su saje, in ba haka ba za ta miƙe a gangare kamar ƙaro. Sannan ka ƙara abu biyu. Ƙura: raba Normal (inda kowace fuska ta siffa ke kallo) ka ɗauki Z, wato sama, duk inda ya kalli sama ya sha ja-ja-ja irin na marmara. Da baƙaƙen layukan da ruwan damina ke bari, irin waɗanda suka zubo a fuskar dutsen Zuma. Noise ne da aka ja shi a tsaye. Roughness, wato kaushin fata, kada ya sauka ƙasa da 0.8, busasshen dutse ba ya ƙyalli.

Haske kuma, rana ɗaya, a ƙasa-ƙasa kamar bayan la'asar, ta gefe. Hasken tsakar rana na kashe duk wahalar da ka sha. Bar Angle ɗinta a 0.526 yadda ya zo. Kunna Mist, ka haɗa shi da hoton a Compositor (sashen gyaran hoto bayan an fitar) don duwatsun nesa su dushe kamar cikin hazon hunturu, ka bar tsarin launi a AgX, wanda ya zama na asali tun Blender 4.0. Gwada a Eevee, injin fitar da hoto mai sauri, ka fitar a Cycles, mai lissafin haske dalla-dalla, da Denoise mai share ɗigo-ɗigo, kuma ka adana aikin kafin a ɗauke wuta.